Baba yana mantuwa: hoton ƙwaƙwalwa ko maganin cikin mota?

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta rubuto: "Malam, Baba ya haura saba'in. Kafin la'asar sai ya yi mini tambaya ɗaya sau uku, amma har yanzu shi ke riƙe da lissafin shagonsa. Yayana da ke Jamus ya turo kuɗi a yi wa Baba MRI, hoton ƙwaƙwalwa. In kai shi?"

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ki kwantar da hankalinki. Akwai wani mataki tsakanin mantuwar tsufa da cutar mantuwa mai tsanani, inda mutum ke mantuwa fiye da sa'anninsa amma yana tafiyar da harkokinsa da kansa. Ba duk wanda ya taka shi ke zarcewa ba. Wasu a nan suke tsayawa, wasu ma su farfaɗo. Kada ki fara da na'ura. Ki kai shi ya ga likita a asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda muke kira Gee. Za a yi masa 'yan tambayoyi na kamar minti 10, a auna jininsa, domin ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoko, damuwa, har raunin ji, duk suna kawo mantuwa, kuma suna da magani.

Idan likita ya rubuta MRI, to a yi. Tana nuna ko sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon tunani ya motse, da fararen ɗigo-ɗigo da hawan jini da ciwon suga ke bari in sun lalata ƙananan jijiyoyi, ko tsohon jini da ya taru bayan faɗuwa. Amma hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Da maganaɗisu take aiki, saboda haka in akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinsa, ku faɗa tun a bakin ƙofa. Ki kuma gaya masa tana da ƙara, zai kwanta wajen rabin awa ba motsi.

Wani saurayi daga Asawase yana so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa saboda karatu ba ya zama. Ɗan'uwa, ajiye waya ƙarfe goma ka yi barci.

Sai masu tambayar kwalaben "ƙarin basira" da ake talla a motocin tashar Kejetia. Wannan ne ke ƙona mini rai. Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa, ta kwance bakin zani, ta ƙirgo sidi ɗinta na cefane ta miƙa wa mai talla, bayan ya rantse cewa kwalba ɗaya na maganin mantuwa, basir da ciwon baya. Takardar jikin kwalbar ma da gam aka manna ta a karkace! A Amurka an gwada ganyen ginkgo, wanda ake yawan sa wa a irin waɗannan magunguna, a kan tsofaffi sama da 3,000. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar mantuwa ba. To ina ga ruwan da ba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikinsa? Abin haushin, gidan da ke sayen kwalba duk wata shi ne za ka tarar maganin hawan jinin tsoho ya ƙare tun kafin Sallah ba wanda ya sabunta. Ku fara sayen abin awon jini na hannu, ku riƙa rubuta lambobin a littafi, ku tafi wa likita da shi.