Birkin zarton tebur ya tashi, ana gyara shi?

Malam, ka ce birkin zartonka na SawStop, wato zarton tebur mai birkin kariya da ke tsayar da faifai nan take, ya tashi kana yanka jiƙaƙƙen katako, kana tambaya ko zai gyaru. Ba ya gyaruwa, sau ɗaya yake aiki. Da faifan zarto ya taɓa abin da lantarki ke bi, jikin mutum ko katako mai ruwa, wata siririyar waya ce ke ƙonewa ta saki sifirin ɗin ƙarfen da take riƙe da shi, shi kuma ya cusa dunƙulen alminiyam cikin haƙora, faifan ya tsaya cak cikin kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa. Waya ta ƙone, alminiyam ya lotse, sai sabo.

Fara cire filogi daga soket. Juya makullin birkin, ka zaro birkin tare da faifan, don galibi a manne suke fitowa. Ni dai ba na mayar da wannan faifan, haƙorin da ya tsage yana iya ɓallewa ana cikin aiki.

Inda ake yawan sakaci shi ne tazarar haƙori da birki. Milimita 1.5 zuwa 3 ake so, ka auna duk lokacin da ka canza faifai, ka share garin katakon da ke taruwa a wurin. Katakon nan kuwa, bar shi ya bushe tukuna.