Tambayi Likita: Ƙafar Hajiya ta kumbura ta yi ja

Tambaya: Salamu alaikum likita, daga Shari'a Mansur a Makka nake rubutowa. Mahaifiyata ce ke da ciwon suga, shekaranjiya ƙafarta ta hagu ta kumbura ta yi ja tana ta sheƙi, in ka taɓa zafi rau, yau kuma har da zazzaɓi. Mun shafa man habbatus sauda mun gasa da ruwan ɗumi amma abin sai hawa yake. Ko in ba ta ragowar kafso da nake da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Don Allah ki kai ta mustashfa, wato asibiti, yau ɗin nan, kar ya kai gobe. Abin da kika kwatanta ya yi kama da selulaitis, wato ƙwayoyin bakteriya ne suka shiga ƙarƙashin fata, kuma sau da yawa ƙofarsu ba ta wuce fason diddige ko ɗan tsagewar tsakanin yatsu, to mai suga kuwa sau da yawa ƙafarta ba ta ji sosai, sai ta ji rauni ba ta ma sani ba.

Ragowar kafso kam a'a. Ba kowane ne ke kashe waɗannan ƙwayoyin ba, shi ya sa ma tun 2018 aka tsaurara a Saudiyya, saidaliyya, wato kantin magani, ba ta ba da antibayotik sai da takardar likita. In abin da sauƙi na sha ake bayarwa na kwana 5 zuwa 7 ko fiye, amma mai suga da zazzaɓi ya shiga ana iya kwantar da ita a ba ta ta jijiya.

Abin da nake ji mata tsoro shi ne ƙwayoyin su shiga jini, ko wurin ya tara mugunya sai an tsaga, ko ya ci har ƙashi, irin wannan sakacin ne ke kai mutane ga yanke ƙafa wallahi.

Kafin ku fita ki sa biro ki zagaye iyakar jan, da shi za a gane ko yana yaɗuwa. Ki ɗora ƙafar kan filo, a daina gashin nan. In kika ga wurin ya fara baƙi ko ya yi bororo, ko tana rawar ɗari tana sambatu, kira 997 a turo motar asibiti.