Ciwon kan da ke matse goshi da la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Garwa. Tun da ɗinkin Sallah ya kankama, kusan kullum da la'asar sai in ji kamar an naɗa mini rawani an matse tamau, daga goshi har ƙeya. Ba na amai, ba zazzaɓi, an kuma gwada jinina ba a ga maleriya ba. Maiɗakina ta ce tunani ne ya yi mini yawa. Shin tunani yana kawo ciwon kai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar maiɗakinka tana kan hanya, domin abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon kan da ya fi kowanne yawa a tsakanin mutane, wanda ke matse ɓangarorin kai biyu, yakan kuma ɗauki daga minti 30 har kwana 7.

Idan mutum yana cikin damuwa, jiki yakan saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, sai tsokar wuya da kafaɗu da muƙamuƙi su ɗaure ba tare da ya lura ba. Ka duba kanka a kan keke: kai a sunkuye, ido a kan allura, haƙora a cije, ga mai kaya tsaye a bakin shago yana tambayar rigarsa. Tsokar da ta wuni a haka dole ta yi tsami. Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka daɗe a wannan hali, musamman ga mai kwana a shago babu isasshen barci, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin ji, har abu kaɗan ya riƙa tayar da ciwon.

Ka riƙa tashi daga keke lokaci-lokaci kana miƙe wuya da kafaɗu, ka yawaita shan ruwa saboda zafin Garwa, kada kuma ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinka. Farasitamol yana taimakawa, amma shan sa kwana 15 ko fiye a wata yakan haifar da nasa ciwon kan. Tiramadol kuwa ka nisance shi.

Idan ciwon ya kai kwana 15 a wata har tsawon wata 3, ka ga likita, a auna maka hawan jini, a duba idanunka. In kuwa ya zo farat ɗaya da tsanani, ko tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ka tafi asibiti nan take, domin yankinmu yana cikin wuraren da sanƙarau ke ɓulla da rani.