Baƙin gam ɗin da ke tsakiyar karta

Kai yaro, kana tambaya don me ba za mu buga karta a kwalin katin biki ba, tunda ya fi araha. Ɗauki karta ɗaya ka yaga ta. Ka ga baƙin layin nan a tsakiya? Takarda biyu ce aka haɗa da baƙin gam. Shi ke tare haske, don kada na gaba da kai ya hango abin da ka riƙe, shi ke kuma sa ta miƙe bayan an lanƙwasa. Nauyin kwalin wajen giram 300 ne a murabba'in mita, girman kartar milimita 63 da 88. Saitin inji da haɗa tawada ba sai na faɗa ba, ko ɗan koyon jiya ya sani.

Wannan arahar ita ce ramin da masu ba da aiki ke jefa mutane. Mutum zai zo da kwalinsa fari fat, ya rantse ya ishe shi, ya ce kai dai buga. A buga, a shafa fanis, a yanke, a zagaye kusurwa, a cusa a kwalaye. Ranar karɓa sai ya zaro ɗaya, ya ɗaga ta saitin fitila, ya ce ana gani ta baya, ba zai cika kuɗi ba. Kwalin nasa ne fa! Amma tawada, farantin bugu da kwanakin ma'aikata a wuyan wa? Kartar da ake hangowa kuwa ba mai saye ko a rabin kuɗi. Kada ka taɓa inji sai mai ba da aikin ya sa hannu a samfurin da aka haska a gabansa.

Bayan karta ma haka. A Ingila da can fari ake barinsa, ɗan tabo kaɗan ya tona ta, har kamfanin De La Rue ya sa mai zane Owen Jones zana bayanta daga 1844. Dole bayan kowace karta ya zo daidai da na saura, saboda haka duka kartoci 54 a falle ɗaya ake bugawa, launi ya zo ɗaya. Yanka ya goce da rabin milimita, ɗan caca ya gane ta daga nesa. Ku yaran yanzu kun iya ƙawata zane a kwamfuta, amma ku juya shi sama a ƙasa ku ga ko daidai yake, wannan ya gagare ku. Je ka ɗauko tocila ka haska kwalin da aka kawo jiya.