Kibod ɗin tablet ya daina rubutu

Ka ce kibod ɗinka na Bluetooth yana kawo fitila amma ba ya rubutu, wani sa'in kuma harafi ɗaya ya yi ta maimaituwa. Fara da caji, don batir mai rauni yakan kunna fitila alhali haɗin yana yankewa. Ba shi awa 2. Sannan ka shiga saitin Bluetooth, ka goge sunan kibod ɗin, ka kashe tablet ka kunna, ka haɗa su sabo. Duba ko wayarka ta riga ta kama shi, masu arahar nan na'ura ɗaya suke ɗauka.

Maimaituwar harafi galibi ƙura ce ƙarƙashin maɓalli. Kife shi ka karkaɗe. In a wata waya ma bai yi ba, kibod ɗin ne ya lalace.