Makaman Iraƙi: Ƙarya Aka Shirga Ko Kuskure Aka Yi?

Tambaya: Malam, har yau ana jayayya kan hujjar da Amurka ta kafa ta mamaye Iraƙi a 2003. Wasu na cewa ƙarya aka shirga da gangan game da makaman ƙare dangi, wasu kuma na cewa jami'an leƙen asiri ne suka yi kuskure. Na kuma ji an ce har sunan ƙasarmu Nijar ya shiga maganar. Mene ne gaskiyar lamarin? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, a ganina duka biyun sun faru, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Jami'an leƙen asiri suna da dalilin zargin Saddam Hussaini, tun da ya taɓa watsa wa Kurdawa iska mai guba a Halabja a 1988. Sai dai a cikin rahotanninsu akwai shakku, 'yan siyasa kuwa suka share shakkun, suka miƙa wa duniya zato a matsayin tabbas.

Batun Nijar ne ya fi fito da wannan a fili. An yi zargin cewa Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom daga Nijar don haɗa makaman nukiliya, har hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta tura tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson zuwa Yamai a Fabrairun 2002, ya dawo ya ce da wuya irin wannan ciniki ya yiwu, domin kamfanin Faransa ne ke jan ragamar ma'adinan yankin Arlit a lokacin, kuma ba a fitar da kaya mai yawa haka a ɓoye. Duk da haka Shugaba George Bush ya ambaci zargin a jawabinsa na 28 ga Janairun 2003, yana jingina shi ga Birtaniya. Ranar 7 ga Maris, Muhammad al-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya na lokacin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka kafa hujjar cinikin da su na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da kwanan watan shekarar 2000, amma da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun 1989. Abin takaici ne a ɓata sunan ƙasa da takardar da ƙaramin bincike ya isa ya tona asirinta.

Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, bai sa maganar Nijar a jawabinsa na 5 ga Fabrairu a Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma ya dogara da labarin motocin haɗa makamai masu ƙwayoyin cuta, wanda ya fito daga bakin wani ɗan gudun hijirar Iraƙi a Jamus, mutumin da ya amsa da kansa a 2011 cewa ƙirƙirar labarin ya yi.

Masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Hans Blix, sun nemi ƙarin lokaci, ba a ba su ba, aka fara yaƙi ranar 20 ga Maris. Bayan mamayar, rahoton 2004 na Charles Duelfer, wanda ya jagoranci binciken makamai na Amurka da ƙawayenta a Iraƙi, ya tabbatar da cewa babu wata ma'ajiyar irin waɗannan makamai. A 2016 kuma kwamitin John Chilcot a Birtaniya ya gano cewa gwamnatin Tony Blair ta gabatar da barazanar da tabbacin da hujjojin ba su kai ba, kuma ta shiga yaƙin tun hanyoyin lumana ba su ƙare ba.