Sabar Ta Sandare, Me Ya Kamata Na Yi Kafin Na Sake Kunna Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da kwamfutocin wani kamfani, kuma babbar sabar ɗinmu, wato kwamfutar da take yi wa sauran hidima, ƙirar Dell mai aiki da Linux, takan sandare ba zato ba tsammani. Fankokinta suna juyawa, fitilunta suna ci, amma ba ta amsa kowa. Mukan danna maɓallin wuta mu sake kunna ta, bayan 'yan kwanaki abin ya dawo, kuma ba ma samun komai a kundin bayananta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Danna maɓallin nan da kuke yi shi ne yake hana ku gano cutar. Shaidar abin da ya faru tana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato RAM, wadda take shafewa da zarar wuta ta yanke, kuma na'urar da ta sandare ba ta da halin rubuta komai a faifai, shi ya sa kuke tarar da kundin fayau.

Da farko ka shiga ta iDRAC, ƙaramar kwamfutar da Dell take sakawa a cikin sabar, wadda take ci gaba da aiki ko da Linux ta tsaya cik. A can za ka ga allon sabar daga nesa, ka kuma duba ko an rubuta zafi, ko matsalar wuta, ko kuskuren RAM.

Idan babu ko ɗaya, sai a tilasta wa na'urar ta faɗi da gangan, domin ta kwafe abin da ke ƙwaƙwalwarta kafin ta tashi. Mai yin wannan aiki shi ne kdump, kuma a nan mutane da yawa suke yin asara, domin dole ne a shirya shi tun sabar tana da lafiya. Ana ware masa wani yanki na RAM ta hanyar crashkernel a saitin farawa, a ajiye ƙaramin kanel na biyu a ciki (kanel shi ne zuciyar Linux da take sarrafa na'urar); idan babban ya faɗi, sai wannan ya karɓi ragama ya rubuta fayil mai suna vmcore, galibi a /var/crash. Ina ba ka shawara da babbar murya ka gwada shi a daren da babu aiki, da umarnin echo c > /proc/sysrq-trigger, wanda zai kayar da na'urar nan take. Idan vmcore ya fito, shirinka ya yi.

Ranar da ta sake sandarewa, ka fara da danna Alt da SysRq da C tare, muddin an kunna saitin kernel.sysrq, wanda yake ba waɗannan madannai damar aiki. Idan madannai ma ba sa amsawa, sai ka aika NMI, wani kira na gaggawa da kwamfuta ba ta iya yin biris da shi, ko dai daga iDRAC ko da umarnin ipmitool chassis power diag. Wannan ma yana bukatar a riga an saita kernel.unknown_nmi_panic ya zama 1, in ba haka ba kanel zai iya karɓar kiran ya ƙi faɗuwa. Daga nan sai haƙuri, domin sabar mai RAM ɗin gigabayit 256 tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo tana rubutu, kuma wanda ya ƙosa ya kashe ta a tsakiya zai tashi da guntun fayil marar amfani. Ka tabbatar faifan yana da isasshen wuri.

Ana karanta vmcore da manhajar crash tare da fayilolin debuginfo, masu taimakawa wajen fassara abin da ke ciki, na ainihin kanel ɗin da ya faɗi, kuma idan kuna da yarjejeniyar tallafi da kamfani irin Red Hat ko SUSE, injiniyoyinsu ne suka fi dacewa da aikin. Sai dai kafin ka aika, ka nemi izinin shugabanninka, domin fayil ɗin yana iya ƙunsar kalmomin sirri da bayanan abokan cinikinku.